Gurnanin ɗan mussa ba shaidar lahiya ba ne



Ranar Laraba da ta wuce, cikin shirinmu na dare wanda muke buɗe layi ga masu saurare, zancen ajiyar hatsi muke yi. Kaka ta ƙare, damma sun shiga rumbu, kowa na faɗin yadda yake fama da kusu da ƙwari. Sai wata dattijuwa ta kira daga wani ƙauye na wajen Matankari. Bayan mun gaisa, ta ce:

"Ɗana, ni ba zancen hatsi ba ne yas sa ni kira. Ɗan mussata ne yam mutu, kuma har yanzu ban gane mi yak kashe shi ba."

Na ce, "Ayya Inna, sannu. Ciwo ya yi?"

Ta ce, "Wane ciwo? Lahiya lau shike. Daren da za shi mutuwa ma bisa zanena yak kwana, shina ta jan tasbahatai har asuba. Da sahe nit tashi nis same shi ya sandare."

Abokin aikina mai kula da na'ura ya ƙyalƙyale da dariya ta bayan gilashi. Ni ma saura kaɗan in yi, sai na ji muryar tsohuwar ba ta wasa ba ce. Na shiga yi mata tambayoyi. Kwanansa nawa? Bai cika wata guda ba, jikanta ya ɗauko shi daga gidan maƙwabta tun da wuri don kada wani ya riga su. Mi ake ba shi? Nonon shanu da ɗan hura. Ya yi zawo? Ya yi, kwana biyu. An ba shi magani? Ta ce ta gutsuri parasetamol ta jiƙa a ruwa ta ɗura mashi, don ta ji tausayinsa.

A iska ban ce mata komi ba sai "Allah shi mayar maki da alheri, Inna." Amma abin ya tsaya mini a rai. Washegari na je na samu wani abokina likitan bisashe, munka zauna munka sha shayi, na kuma koma na karanta abin da na samu. Shi ne na ce bari in rubuto, don na san ba gidan Inna kaɗai ake wanga kuskure ba. Gidanmu ma an yi shi ina yaro.

Wannan sautin da mussa ke yi in ta kwanta jikinka, rrr rrr, kana jin shi har cikin tafin hannunka, kakanninmu kan ce tasbaha take ja. Wasu su ce minshari, wasu su ce gurnani. Mu da munka yi lakkwal an koya muna ronron. Duka dai mun yarda da abu guda: in mussa na yin shi, to daɗi take ji. Ni kuwa abin da nake son mu gane shi ne wannan rabin gaskiya ne. Mussa na gurnani in ta ƙoshi, tana gurnani in tana naƙuda, tana yi in ƙafarta ta karye, kuma likitocin bisashe sun sha ganin wadda ke yi tana bakin mutuwa. Wanda ya ɗauki gurnani a matsayin takardar lahiya, yana iya kwana da mara lahiya a jikinsa bai sani ba.

Daga maƙogwaro sautin ke hitowa. Ƴan fatun murya ne ke kaɗawa in iska na wucewa, kuma suna kaɗawa ko mussa na jan numfashi ko tana sakinsa, shi ya sa ba ka jin ya yanke. Kaɗawar na kaiwa sau 25 zuwa 150 cikin sakan guda. An daɗe ana mamakin yadda dabba ƙarama haka ke hidda murya mai kauri awa ta injin niƙa daga nesa. A 2023 wani masani mai suna Christian Herbst da abokan aikinsa a birnin Biyena na Ostiriya sun duba maƙogwaron mussoshi takwas da sunka riga sunka mutu. Sun ga wasu ƴan ƙulluttai masu taushi cikin fatun muryar, waɗanda ke ƙara masu nauyi har su riƙa kaɗawa a hankali. Da sunka hura iska ta ciki, sai ga sauti irin na gurnani ya hito, alhali babu rai babu ƙwaƙwalwa. Ku duba nan da kyau. Abin da maƙogwaro ke iya yi da iska kaɗai, ɗan mussa da ya galabaita ma yana iya yin shi. Ba ya buƙatar ƙarhi mai yawa.

To don mi ɗan mussa ke fara shi tun yana da kwana biyu ko ukku a duniya? Uwa na ɗaukar ciki wajen kwana 63 zuwa 65, ta haihi ɗiya makafi kuma kurame, kowane bai wuce giram 100 da ɗan wani abu ba. Ido ba ya buɗewa sai bayan mako guda zuwa kwana goma. Cikin wannan duhun, motsin jikin uwa in tana gurnani da ɗuminta da ƙamshinta ne ke nuna masu inda nono yake. Su kuma suna maida mata amsa. Jariri ba ya iya kuka da nono a baki, amma yana iya gurnani yana tsotso. Wato tun asali gurnani magana ce tsakanin uwa da ɗa, ɗan na cewa ga ni nan, kada ki tashi. In ya girma bai bar wannan maganar ba, sai dai ya maida ta wajen wanda ke riƙonsa. Yakan faɗe ta don ya ji daɗin zama da kai. Yakan kuma faɗe ta don yana jin tsoro, ko sanyi, ko ciwo, yana neman wanda zai raɓa.

Har yunwa tana da nata gurnanin. A 2009 wata malama mai suna Karen McComb ta jami'ar Sussex a Ingila ta ɗauki muryoyin mussoshi lokacin da suke neman abinci da lokacin da suke kwance kawai. Ta gano cewa cikin gurnanin neman abinci akwai wani siririn kuka da ke ɓoye, mai kama da kukan jinjiri. Da anka sa wa mutane sunka saurara, har waɗanda ba su taɓa kiwon mussa ba sun ce wannan ya fi ɗaga hankali. Duk mai mussa a gida ya san wannan da asuba, in ta zo tana goga kai ga ƙafarsa.

Akwai kuma masu binciken da ke ganin kaɗawar na iya taimaka wa mussa ta kwantar da hankalinta, ko ma ta taimaka wa ƙashi da nama wajen warkewa. Hasashe ne da ake ta gwadawa, ba a tabbatar da shi ba. Saboda haka bidiyon nan da ke yawo a wayoyinmu, masu cewa ka ɗora mussa bisa karaya ko gwiwa mai ciwo za ka warke, ku bar su inda kunka gan su. Mai karaya ya tahi wajen maɗori ko asibiti.

Abokina likita ya ba ni dariya da wani abu. Ya ce gurnani har cikas yake kawo masu, don in sunka ɗora abin sauraren ƙirji ba su jin bugun zuciya, sai rrr. Dabarar da anka sani ita ce a buɗe pampo ruwa ya zuba kusa da ita, sai ta yi shiru. Ya ce mini, "Ka gani, mu kanmu sai mun kashe rediyon kahin mu ji labari." Na ce to ni ma'aikacin rediyo ka zaga, amma na yarda.

Tunda gurnani ba ya isa shaida, mi za mu duba? Jiki za mu duba, kuma ba ya buƙatar ko dala.

A fara da ci. Ɗan mussa mai lahiya yana kokawa da ƴan uwansa wajen nono, ya sha ya yi barci, cikinsa ya yi ɗan tudu mai taushi. Kullum yana ƙara nauyi, wajen giram 10 zuwa 15 a yini, har ka ji bambanci a hannu bayan kwana ukku ko huɗu. Wanda ya koma gefe shi kaɗai, ba ya neman nono, ko yana ta kuka ba ya yin shiru, akwai matsala, ko da yana gurnani in ka ɗauke shi.

Sai ɗumi. Cikin makonni ukku zuwa huɗu na farko jikinsa bai iya riƙe zahi da kansa ba, da jikin uwa da na ƴan uwa yake dogara. Mu da ke cikin Dallol mun san yadda darenmu yake a watan Disamba da Janairu. Taɓa kunnensa da tafin ƙafarsa, ka sa yatsa a bakinsa. In ka ji sanyi, ɗumama shi a jikinka cikin tsumma kahin komi. Kada a ɗura wa ɗan mussa mai sanyin jiki abinci, cikinsa ba ya narkar da shi.

Ɗaga leɓensa ka ga dasashi. Ja-ja mai haske shi ne daidai. In ya yi fari, jini ya yi ƙaranci, kuma sau da yawa ƙuma ce ta shanye shi. Buɗa gashin wuya da na ciki, za ka gan su suna gudu. In ciki ya kumbura ya yi tauri alhali haƙarƙari duk a waje, a yi zaton tsutsar ciki, wadda ke iya shiga ɗa ta nonon uwa. Ido mai kwantsa da ya manne, hanci mai yoyo da atishawa, mura ce tasu, kuma tana iya lalata ido in anka bari. A goge da tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi, a nemi likita.

Sannan numfashi. Jira ya yi barci, lokacin da ba ya gurnani, ka buɗe agogon salula ka ƙirga sau nawa ƙirji ke ɗagawa cikin minti guda. Babbar mussa da ke hutawa tana yin 20 zuwa 30. In ya haura 40 kullum, ko ka ga tana numfashi baki buɗe awa kare, wannan ba abin jira ba ne. Haka zawo. Jikin da bai kai rabin kilo ba, zawon yini guda na iya ƙarar da ruwansa.

Yanzu mu koma kan ɗan mussar Inna, don kusan duk kuskuren da muke yi ya taru a kansa, kuma duk da kyakkyawar niyya anka yi su.

An raba shi da uwa da wuri. Ɗan mussa yana fara lasar abinci wajen mako huɗu, amma yaye ba ya cika sai mako takwas. Kahin mako ukku ma ba ya iya fitsari ko kashi da kansa sai uwa ta lashe mashi gindi. Mu kuwa da mun ji mussar maƙwabta ta haihu, sai yara su ruga, kowa na son mai zane ko fara tas. Ku ce a ajiye maku, ku ɗaura mashi zare in kuna so, amma ku bar shi wata biyu wajen uwarsa. In uwa ce ta mutu, mafi sauƙi shi ne a nemi wata mai shayarwa cikin unguwa, sau da yawa tana karɓa. In babu, sai a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan kowace awa biyu zuwa ukku, yana kwance bisa cikinsa, kada a kwantar da shi rigingine awa jinjiri don kada ya shaƙe, a kuma goge mashi gindi da tsumma mai ɗumi bayan ya ci.

An ba shi nonon shanu da hura. Nonon uwarsa ya fi na saniya maiƙo da abin gina jiki nesa ba kusa ba, kuma na saniya yakan sa mashi zawo. Hatsi kuwa ba cimarsa ba ce, mussa maciya nama ce tun halitta. In ya isa cin abinci, ɗan nama ko kihi dafaffe marar ƙaya, ko ƙwai dafaffe, ya fi mashi kwanon hura. A kiyaye ragowar miya mai albasa da tafarnuwa da yawa, suna lalata masu jini. Ruwan sha mai tsabta kuma kada ya yanke, balle lokacin bazara.

Na ukku shi ne wanda nake roƙon kowa ya riƙe ko da ya manta sauran. Parasetamol guba ce ga mussa. Hantarta ba ta da abin da ke narkar da shi yadda tamu ke yi. Ƙwaya guda mai 500 na iya kashe babbar mussa, balle jariri. Jini ya canza launi ya kasa ɗaukar iska, dasashi ya yi ruwan ƙasa, huska da ƙafahu su kumbura. Haka sauran magungunan ciwon jiki da muke saye bisa tebur ko wajen masu yawo da su a kasuwa. Abin da ke sauke wa ɗanka zazzaɓi, kada ka gwada shi ga mussa ko kaɗan.

Akwai na huɗu wanda Inna ba ta yi ba, amma ana yi. Mutum ya ga ƙuma ga ɗan mussa sai ya barbaɗa mashi hodar kashe ƙwari, ko ya shafa piya-piya, ko ragowar maganin feshin wake. Mussa na lasar jikinta koyaushe, duk abin da ka shafa mata cikinta za shi. Sai ka ga tana rawar jiki, miyau na zuba. Ga jariri, tsefe ƙuma da mataji mai ƙananan haƙora da wanke tsummansa a shanya a rana ya fi aminci. Maganin kusu da ake zubawa bayan rumbu shi ma haka: kusu ya ci, mussa ta ci kusu, ka yi asarar mai gadinka don ka kashe ɓarawo guda.

Wani abu kuma da ya shafi ɗiyanmu kai tsaye. Yara kan tsinto ɗan mussa a hanya, ya yi masu gurnani, su ce ai mai hankali ne. Cutar haukan kare ba kare kaɗai ke ɗauke da ita ba. Hukumar Lahiya ta Duniya ta ƙiyasta tana kashe mutane wajen 59,000 a shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kusan kashi 40 cikin ɗari yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Gaskiya ne kusan duka ta cizon kare ake samunta, amma mussa ma na kamuwa tana kuma bazawa. In ta ciji yaro ko ta yakushe shi har jini ya hito, a wanke wurin da ruwa da sabuni na tsawon minti 15, a tahi CSI ko asibiti ranar nan, a kuma sa ido ga dabbar. In alamun cutar sunka riga sunka bayyana ga mutum, da wuya ƙwarai ya tashi. Kahin nan kuwa allura na tsare shi.

Na san abin da wasu za su ce, don an riga an faɗa mini a fada: "Kai wane, tiyar hatsi na neman gagarar talaka, ga rashin tsaro, ga yara ba aiki, kai kuma zancen mussa kaka yi?" Ban ƙi ba, kuma waɗannan su ne muke tattaunawa kullum a rediyo. Amma ku tuna ta ina zancen ya shigo: zancen rumbu muke yi. Manomi ya yi wata huɗu yana duƙe daga Dogon Kirya har Gesheme, ya tara damma, sannan kusu ya shiga yana ci yana ɓata saura da kashi da fitsari. Wa ke tsaron rumbun da dare ba albashi? Zumuncinmu da mussa ma a bakin rumbu ya faro. Mussar daji ta fara raɓar mutane ne wajen shekara 10,000 da sunka wuce a Gabas ta Tsakiya, lokacin da sunka fara noma suna ajiye hatsi, kusa sunka taru, ita kuma ta biyo su. A 2004 masu tonon tarihi na Faransa sun ba da labarin wani kabari a tsibirin Kubrus mai shekara wajen 9,500, an bizne mutum da mussa kusa da shi. Tun wancan zamanin take yi muna aiki.

Kuma duk abin da na lissafa, wanne ne ke cin kuɗi? Haƙurin wata biyu, tsumma, ruwa, da hana hannu ba da maganin da ba nata ba. Muna kai akuya da rago wajen ma'aikatan kiwo in sunka ƙi ci, muna jeruwa lokacin rigakafin bisashe. Mussa kaɗai ce muke cewa rai tara gare ta, ta ji da kanta. Ina roƙon ma'aikatan kiwo na Dogondutsi da Tibiri, da masu taimaka masu a ƙauyuka, in sun hita rangadi su riƙa ƙara jimla biyu kan kare da mussa. Ina roƙon masu sayar da magani, in wani ya ce na mussa yake nema, su ce mashi babu. Malamanmu kuma sun sha tuna muna da sahabin da anka yi wa laƙabi da Abu Huraira saboda ƴar mussar da yake ɗauka, da matar da ta shiga wuta don ta ɗaure mussa ta hana ta ci. Ba sabon karatu ba ne gare mu.

Ban ce kowa ya tsorata da gurnani ba. Mafi yawan lokaci, mussar da ta ci ta sha, ta yi wasa, ta zo ta naɗe bisa tabarmarka tana rrr, daɗi ne take ji, ka shafa ta ka ji naka daɗin. Abin lura shi ne gurnanin da ya zo tare da ƙin ci, ko ɓuya a lungu, ko sanyin jiki, ko zawo, ko wanda ta fara yi ba dare ba rana alhali da ba haka take ba.

Inna ta sake kira ranar Asabar, ba a iska ba. Na faɗa mata abin da na samo, a hankali, don ban so ta ji kamar ita ta kashe shi. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Ashe kirana shikai, ni kau ina cewa tasbaha ta." Ta ce uwar na nan da sauran ɗiya biyu gidan maƙwabta, kuma ta hana jikan nata zuwa ɗauko wani sai bayan wata guda.

Allah shi tsare muna rumbunanmu, shi ba mu lahiya da zama lahiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba.